Hunturun Kabi: yadda za ki tsare fatar iyalinki tun daga tukunya

Da zarar an gama yankan shinkafar damina, hazo ya fara sauka a fadamar Argungu har mai jirgi ya ɓace wa ido kafin ya kai tsakiyar gulbi, na san aikina a gida ya ƙaru. Mu nan buji muke ce masa. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, iskar nan mai tasowa daga Sahara tana zuƙe ruwan duk abin da ta tarar. Wankin da kika shanya ya bushe kafin ki gama ɗauraye na biyu, jikin mutum ma haka take yi masa. Yaro ya tashi da leɓe a tsage, ƙwauri fari fat kamar an barbaɗa masa toka, tsohuwa kuma faso ya hana ta taka ƙasa.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ruga kasuwa neman mai. Na yi shekaru ina haka kafin na yarda da abin da Innarmu ta daɗe tana faɗa, cewa daga ciki ake ciyar da fata, man shafawa marufi ne kawai. Shi ya sa zan bi da ke yini guda, daga wankan asuba har kwanciya, muna duba tukunya muna duba kwalbar mai. Amma kafin yinin akwai aiki biyu da ake yi sau ɗaya su ishe ki makonni, da su za mu fara.

Haɗa man gida

Ki nemi man kaɗanya ɗanye, irin wanda mata ke kawowa daga kudancin jiha, wajen Zuru da Yauri, inda itacen kaɗe ya fi yawa. Kada ki saya sai kin gwada. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki: mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki, ya shige ba tare da ya bar tsakuwa-tsakuwa ba, kuma ƙanshinsa na ƙwara ne da ɗan hayaƙi. In kin ji warin daɗewa mai hawa kai, ko kin ga ɗigon baƙi-baƙi na fumfuna a cikinsa, ki ajiye wa mai shi kayanta.

A gida ki ɗora tukunya da ruwa kaɗan a wuta, ki saka man a kwanon silba mai tsabta, ki ɗora kwanon a cikin ruwan. Zafin ruwan ne zai narkar da shi a hankali. Kada ki zuba shi kai tsaye a tukunya a kan garwashi kamar za ki soya ƙosai, don yana ƙonewa ya yi ƙauri. Idan ya narke ki tace da ƙyalle mai laushi, za ki yi mamakin ƙasa da ɓawon da za ki tarar a ƙyallen. Ma'aunina shi ne gwangwanin madara 2 na narkakken man kaɗanya, da rabin gwangwani na man riɗi ko man zaitun, wanda aljihu ya iya. Amfanin mai ruwa-ruwan shi ne ya hana haɗin daskarewa kamar dutse, domin a sanyin Janairu man kaɗanya zalla sai kin yi da gaske kafin ki lakato shi.

Ki bar shi a inuwa har ya fara kama jiki, gefensa ya yi fari tsakiyarsa na nan da laushi. A lokacin ne za ki sa maburgi ko cokali mai yatsu ki yi ta bugawa, kamar minti 10, har ya yi haske ya tashi kamar man shanun da aka kaɗa yanzu. Sai ki raba shi biyu. Kashi mafi yawa na jiki ne, ki zuba a kwalba mai murfi. A ƙaramin kashin ki ƙara basilin cokali 3 ki sake bugawa, wannan na ƙafa ne da gwiwar hannu.

Abu biyu nake so ki kiyaye a nan. Kada ɗigon ruwa ya shiga kwalbar, kuma kada yara su riƙa sa jiƙaƙƙen hannu a ciki, ruwa ne ke kawo fumfuna. Sannan ki bar zancen turare. Na san muna son ƙanshi, amma fatar da ta riga ta tsage in turare ya shige ta ƙaiƙayi take yi, balle ta jariri. Mai son ƙanshi ta sa humra a tufafi. In a gidan akwai wanda fatarsa ba ta ɗaukar kowane abu, a shafa masa kaɗan a cikin damtse a jira kwana ɗaya a gani.

Garin kunun da ke riƙe yaro

Aiki na biyu na turmi ne da injin niƙa. Kokon gero zalla da muke ba yara da safe yana cika ciki, amma kafin hantsi yunwa ta dawo, kuma ba ya ɗauke da abin gina jiki yadda ya kamata. Fata da gashi kuwa da abin gina jiki ake yin su. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa na saɓa, ko kin juye masa kwalbar mai ba zai gyaru ba sai cikinsa ya samu.

Ki auna gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Waken suyan za ki fara da shi, don shi ne mai wahala. Ki tsince, ki jiƙa shi ya kwana, da safe ki murje ɓawon ki ɗauraye, ki tafasa kamar minti 20, ki shanya a faifai ko tabarma mai tsabta ki rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. A wannan iska yini ɗaya ko biyu ya ishe shi. Idan ya bushe ƙarau ki soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan har ya yi ruwan ƙasa, gafin ya fita. Wadda ta tsallake wannan mataki ita ce ke cewa waken suya na kumbura wa yaranta ciki.

Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da idonki, kada ki ba yara wannan aiki. Duk ƙwarar da ta yamutse, ta yi baƙi, ko take da ɗaci, ki zubar, kada ma ki ba kaji. Irin wannan gyaɗa da masarar da ta sha danshi suna ɗauke da gubar fumfuna da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Ki soya mai kyan, ki murje ɓawo. Geron ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya, ki ɗan gasa shi sama-sama. Sai ki haɗa duka da citta da kanumfari kaɗan a kai niƙa. In garin ya dawo da ɗumin inji ki baza shi ya huce kafin ki zuba a bokiti mai murfi. Na mako 2 zuwa 3 nake yi, saboda man gyaɗar da ke ciki yana sauya ɗanɗano in ya daɗe.

Wajen damawa, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa a kan wuta kina juyawa, ki bar shi ya dahu minti 5 zuwa 10. Jariri dai nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, ko da hunturu ko da bazara. Bayan nan ne zai fara wannan kunu, kuma kada a sa masa zuma sai ya cika shekara.

Asuba: ruwan wanka

Ga inda muka fi yi wa kanmu ɓarna. Sanyi ya sa kowa na son ruwa mai ƙuna, har fata ta yi ja. Ruwan zafi sosai yana wanke ɗan maiƙon da jiki ke fitarwa don tsare kansa, shi ya sa za ki ga mutum ya fito wanka yana susa. Ki sirka ruwan har ki iya tsoma gwiwar hannunki ki bar ta a ciki ba tare da kin janye ba. Kuma a gaggauta, minti 5 zuwa 10 sun isa.

Sabulu ba dole ne ya bi ko'ina kullum ba. Hammata, matsematsi, wuya, hannu da ƙafa, nan ne datti ke taruwa. Ƙwauri da damtse ruwa ya ishe su a yawancin kwanaki. Sabulun salo yana da kyau kuma namu ne, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, don haka da hunturu ki murza shi a hannu ya yi kumfa ki shafa kumfar, kada ki riƙa goga dunƙulen a jiki. Soso mai kaushi ma a rage shi zuwa sau 2 a mako. Sabulun wanki da omo kuwa ba na jiki ba ne, ko da an rasa wani.

Yanzu ga sirrin da ya fi kowane tsada a wannan rubutu, kuma kyauta ne. In an fito, a dangwale jiki da tawul, kada a goge shi tas. Tun jikin na da danshi, kafin minti 3 su wuce, a shafa mai. Man kaɗanya ba ya kawo ruwa cikin fata, riƙe wanda ya tarar yake yi. In kin bari yaro ya bushe ya yi wasa a tsakar gida sannan kika kamo shi kika shafa masa, sheƙi kawai zai yi, zuwa azahar ya koma fari. Ni a ƙofar makewayi nake ajiye kwalbar, kowa ya fito ya tarar da ita. Mai amfani da gilisarin, ruwan shafawar nan mai yauƙi, ta sirka shi da ruwa, ta shafa shi da farko, sannan ta bi da mai a kai, in ba haka ba a wannan busasshiyar iska ba ya tsinana komai.

Fuska ta fi son sauƙi. Wanki sau 2 a yini, mai kaɗan kamar ƙwarar wake. Budurwar da ke fama da ƙuraje ta guji man kwakwa a fuska, yana toshe ƙofofin gashi. Lemun tsami, man goge baki da bakar hoda da ake ta yaɗawa a waya cewa suna goge tabo, ƙona fata suke yi, tabon ya ƙara baƙi. Leɓe kuma a hana yara lasa, miyau na bushewa ya ƙara tsaga shi, a shafa musu basilin ko man kaɗanya.

Tunda muna maganar ruwan zafi, a hunturu ne yara suka fi ƙonewa, ko da ruwan wanka ko da kaskon wuta. Ki fara zuba ruwan sanyi a bokiti kafin na zafi, kada ki bar tafasasshen ruwa a ƙasa ki juya ɗauko wani abu. In tsautsayi ya faru, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ba a sa manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Kaskon gawayi kuma ba ya kwana a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Karin kumallo

Kunun nan da ƙosai, ko ɗumamen tuwo da miya, ya fi shayi da burodi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Ban ce a bar shayi ba, maigidana ma ba ya fita sai ya sha. Sai dai ganyen shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke yin jini. Mai ciki, mai shayarwa da 'yan mata su ba da tazarar awa ɗaya tsakanin shayi da abinci. Sukari kuma a riƙa aunawa da cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, kuma wannan ya haɗa da na shayi, na fura, na zoɓo da na lemun kwalba gaba ɗaya.

Tukunyar rana

Allah Ya ba mu shinkafa a Kabi, daga Argungu har Suru, Bunza da Bagudo, har ta kai wani gidan sai a yi kwana 7 ba a tuƙa dawa ko gero ba. Wannan kuskure ne. Gero da dawa sun fi farar shinkafa ƙarfe da dusa mai gyara ciki, ki riƙa juyawa: yau tuwon shinkafa, gobe na dawa, jibi dambu ko ɗanwake. Idan dafa-duka za ki yi, turararriyar shinkafar gida, wato gumi, ta fi wadda aka goge ta yi fari tas, saboda turarawar na tura sinadaran ɓawo zuwa cikin ƙwarar. Ki rege ta da kyau, amma kada ki tafasa ta ki zubar da ruwan sau biyu. In kin haɗa ta da wake, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, kin sami abincin da ke gina jiki ko babu nama.

Miyar da nake so mu yi tare ita ce miyar sure, wato yakuwa, da busasshen kifi, don ita ce ta fi haɗa abin da jiki ke nema a kuɗi kaɗan. Ki fara da zaɓen kifi. Ko tarwaɗa ce ko ƙarfasa, ko na Yauri ne ko na Argungu, ki ɗauka ki sansana, ki ɓare wajen kai ki duba. Ƙanshin hayaƙi ake nema. Akwai masu fesa wa kifi da wake maganin ƙwari don kada su lalace, in kin ji wari irin na fiya-fiya ki wuce, komai arharsa. A gida ki jiƙa shi a ruwan zafi da ɗan gishiri minti 10, ki wanke yashi, ki cire ƙaya a tsanake saboda yara. Ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu kada ki raina su, ki daka su su zama gari ki riƙa zubawa a miya, suna ƙarfafa ƙashi.

Ki ɗora manja ludayi ɗaya, ya narke kawai. Kada ki bar shi ya yi ta hayaƙi har ya yi fari, jan nan nasa shi ne sinadarin da ke gyara ido da fata, in ya ƙone kin yi asara. Ki zuba albasa, kuma kada ki yi rowarta tunda ta Aliero na cika kasuwa a wannan lokaci. Ki bi da jajjagen tattasai, attaruhu da tumatir, ki soya har ruwan ya tsotse. Sai daddawar kalwa da kika daka, ruwa daidai yawan miyar, da yankakkiyar kabewa. Idan kabewar ta yi laushi ki farfasa ta da ludayi, ki zuba dakakkiyar gyaɗa kamar rabin gwangwani, ki rage wuta ta dahu minti 15 kina juyawa don kada ta kama. Kifin ya shiga bayan nan.

Suren shi ne na ƙarshe. Ki wanke ganyen kafin ki yanka, kada ki yanka sannan ki wanke, amfaninsa na bin ruwa. In tsaminsa ya yi miki yawa, ki zuba masa ruwan zafi minti 2 ki tsane, ko ki haɗa shi da alayyafo rabi da rabi. Minti 5 zuwa 7 a wuta ya isa, ki sauke tun da sauran launinsa. Tsamin nan da muke gudu, shi da tumatir suna taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen da ke cikin ganye da tuwon dawa.

Na san hannu zai kai ga kanwa, don da ita muka ga iyayenmu na kashe tsami da nunar da wake. Ki rage ta iya yinki. Tana lalata wasu sinadaran abinci, kuma gishiri ce a wata siffa. Wake in kin jiƙa shi tun dare ba ya buƙatarta. Zancen ya fi nauyi ga mai jego: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Maijegon da ƙafarta ke kumbura, ko take haki in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a ce sai an yi arba'in.

Gishiri ma haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini ga babba, kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Wadda ta jefa dunƙule 6 ta kuma bi da gishiri ta wuce gona da iri tun kafin a zo tuwon dare. Kada ki yanke lokaci guda, mutanen gida za su yi ƙorafi. Ki rage dunƙule ɗaya duk mako, ki ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da garin kifi. Ni wata guda na yi ina haka, ba wanda ya lura. Gishirin kuma ki sayi na leda mai aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, ki rufe shi, ki sa shi dab da saukewa.

Bayan la'asar

Da sanyi ƙishi ba ya kama mutum, sai a wuni ba a sha ruwa ba, alhali iska na ta zuƙe shi ta hanci da fata. Ma'auni mai sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja-ja, ruwa ya yi kaɗan. Ki ɗaura shan ruwa da salla, kofi ɗaya ko biyu bayan kowace alwala, ba za ki manta ba. Zoɓo da kunun tsamiya ma sun shiga lissafi in ba a cika musu sukari ba.

Abin taɓawa na yamma, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir ya fi biskit da alewa. Lokacin karas ne da lemu da gwaiba, ga magarya da goriba, ga dankalin Hausa da za a gasa a toka. Fura da nono abinci ne cikakke, sharaɗin dai a tabbata an tafasa madarar kafin ta zama nono, saboda ɗanyar madara na ɗauke da tarin fuka da zazzaɓin da ake ɗauka daga shanu. Ki saba da mai nono guda, ki tambaye ta yadda take yi.

Man bilicin da kwalli

Ba zan wuce wannan ba, don ya shigo har gidanmu. Ƙanwata ta dawo daga makaranta wata shekara ta yi fari fes, gaɓoɓin yatsunta kuma baƙi. Inna ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika shafa ma huskakki?" Ta ce, "Wallahi Inna, mai na kawai, haɗi aka yi min." Kafin wata 6 jijiyoyi kore sun fito mata a kumatu, rana kaɗan ta taɓa ta sai ta ji kamar barkono. Ƙaramin yanka da wuƙar albasa ta yi mata ya ɗauki makonni bai rufe ba. Mun yi shekara biyu muna jinyar fatar nan, har yau akwai inuwar baƙi a ƙarƙashin idonta.

Irin waɗannan mayuka da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna sukan ƙunshi sinadarai masu haɗari irin su haidurokwinon, ko maganin sitiroyid mai ƙarfi, ko makuri, wanda ke taɓa ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man hasken fata, kuma a 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu shafa wa jarirai. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada ta ji kunya, kuma kada ta yanke dare ɗaya ba shawara, don mai sitiroyid in an bar shi kwatsam fata na yin bore da ƙuraje da ƙuna. Ta je ta ga likita, a Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya, ta tafi da kwalbar a hannu a ga abin da ke ciki. Haka ma ƙyasbi, makero da ƙazuwa, kowanne da maganinsa, man kaɗanya ba ya kashe su.

Kwalli kuma, irin na dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da dalma ke yi: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma jariri na murza ido ya kai hannu baki. Ki bar idonsa haka, ki kuma roƙi kakarsa da girmamawa ta bari.

Dare

Tuwon dare ya yi sauƙi, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a ci da wuri bayan magariba. Abin da ya rage kada ya zauna a kula da ɗumi-ɗumi har safe, musamman shinkafa, don a wannan ɗumin ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ki buɗe shi ya huce da sauri, ki rufe ki ajiye a wuri mafi sanyi, ko firji in akwai wuta. Da safe ɗumamen ya tafasa har cikinsa, miyar ma ta yi ta ɓararraka, kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a sake ajiye shi.

Aiki na ƙarshe na ƙafa ne, kuma ni da kaina nake yi wa Inna. Ruwan ɗumi a baho, ta tsoma ƙafa minti 15. Sai in ɗauki dutsen goge kaushi in bi diddigen a hankali, gefe guda nake bi, abin da ya yi laushi kawai nake cirewa, sauran sai gobe. Reza ba ta zuwa kusa. In tsane tsakanin yatsu da kyau, nan ba a sa mai, sannan in cika fason da haɗin nan mai basilin tun ƙafar na da danshi, in sa mata safa ta auduga ta kwana da ita. Da rana kuma takalmi mai rufin diddige, ko a tsakar gida. A mako guda tsagar ke fara haɗewa in an yi kullum. Mai ciwon sukari dai kada a goge masa komai a gida, kuma in fason ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da ruwa, asibiti za a nufa da safe. Yaran kuma kafin su shige bargo ki bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓe, bayan hannu da ƙwauri, sannan ki fitar da kaskon wuta waje ki rufe ƙofa.